Masu gyaran waya a gaɓar Tafkin Kainji: Inda dabara ke ceto, da inda take ɓarna

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa manhajar Windows 10 kariyar da ya saba turawa. Miliyoyin kwamfutoci da ke aiki lafiya lau sun wayi gari a sahun tsofaffi, domin da yawansu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

A Turai da Amurka an yi ta cece-ku-ce a kan tarin sharar da matakin zai haifar. A Yelwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Yauri, da Wara ta Ngaski da garin Shanga kuwa, da wuya labarin ya hana wani barci. Kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da cike fom a waɗannan garuruwa galibi na hannu ne, sai da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su iso. Haka wayoyi da dama. A nan ba kamfani ne ke yanke ranar mutuwar na'ura ba, mai gyara ne.

Wannan al'ada ta riƙe abu har ya ƙare ita ce masu rajin kare muhalli a ƙasashen da suka ci gaba ke ƙoƙarin farfaɗowa. Sai dai tana da fuska biyu, kuma fuska ɗaya kawai aka fi yabawa.

Madatsa a kusa, wuta a nesa

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ta haifar ya tashi kimanin mutum 44,000 daga gidajensu a masarautun Borgu da Yauri, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. An girka mata injina takwas masu ƙarfin megawat 760, kuma daga layin da ya bi ta Birnin Kebbi ake kai wuta har Yamai a Jamhuriyar Nijar.

Duk da haka, ƙauyuka da yawa a bakin tafkin da cikin tsibiransa ba su dogara da wutar Nepa ba. Abin da ke riƙe da wayoyinsu shi ne shagon caji: katako mai jeren soket, janareto ko faifan sola a kan rufi, da yaro mai manna lamba a bayan kowace waya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Masu caji da dama suka koma sola, sabuwar waya kuma ta fi ƙarfin talaka.

A daidai lokacin ne waya ta zama dole. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura dillalan kifi da albasa da shinkafa zuwa tiransifa da POS. Masunci da ke tsakiyar ruwa da waya yake jin farashi kafin ya iso gaɓa. A yankin da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, kiran waya guda na iya zama gargaɗin da zai sa mutanen ƙauye su kauce. Wanda wayarsa ta mutu ya rasa banki da kasuwa da mai gadi a lokaci guda.

Mai lallaɓawa da mai tilastawa

A teburin gyara akwai hali iri biyu, wani lokaci ma a jikin mutum ɗaya.

Na farko shi ne lallaɓawa. Wayar da ta faɗa ruwa, ciwon da ya fi yawa a wurin masunta da matuƙa kwale-kwale, haƙuri take so: a kashe ta nan take, a cire batir, a wanke fanel da sifirit da buroshi, a busar, sannan a gwada. Mai garaje da ya jona ta a caji tana jiƙe shi ke ƙarasa ta. (Binne waya a cikin shinkafa, duk da Kebbi ba ta rasa shinkafa ba, ba ya cire tsatsar da ruwa ke haifarwa a ciki. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da su daina.) Mai wannan hali yakan gano cewa bakin cajin da aka kawo a canza ƙura ce kawai ta toshe shi. Yakan ba mai waya shawara ya rage hasken sikirin, ya goge manhajojin da ba ya amfani da su, ya daina ajiye ta a rana.

Na biyu shi ne tilastawa. Hanyar wuta ta yanke a kan fanel, sai a ɗauko siririyar waya a yi mata gada. Batirin asali babu a kasuwa, sai a daidaita na wata wayar a liƙa. Wayoyi uku da suka mutu a haɗa su a tayar da ɗaya. Batirin tsohuwar laftof a fasa shi, a zaɓi ƙwayoyin da ke da sauran rai a yi fawa bank ko fitila. Wannan ita ce fasahar da ke burge mutane, ita ce ke sa a kira yaro injiniya tun bai shekara a shago ba.

Babu wanda ya isa ya raina ta. Kayan gyara na asali daga Legas suke fitowa, ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko daga Farm Centre a Kano, kuma kafin su iso Yauri kuɗinsu ya ƙaru. Ba don dabara ba, da rabin abin da ake kawowa gyara juji zai nufa.

Amma dabarar da babu haƙuri a cikinta tana da tsada, sai dai ba a ranar ake biya ba. Batirin litiyam yana da ɗan ƙaramin allo da ke hana shi cika fiye da kima ko yin zafi. Idan aka tsallake wannan allo don waya ta kama caji da sauri, mai ita zai tafi yana murna, bayan 'yan makonni batirin ya kumbura, wani lokaci ya kama da wuta. A shagon da ke da wayoyi ɗari a kan katako ɗaya, kusa da jarkar fetur, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Haƙurin da babu dabara kuma yana da nasa aibin: shi ne na wanda zai duba waya ya ce sai an kai Kano, alhali gadar minti goma ce za ta tayar da ita.

Abin takaici, kasuwa ta fi saka wa mai tilastawa. Mai waya yana ganin aikin da aka yi da hayaƙin dalma, ya biya ba musu. Wanda ya goge ƙura ya ba da shawara kuwa, sai a ce ai bai yi komai ba.

Makullin da ke hana ɓarawo, ya hana magaji

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne wajen buɗe wayar da ta kulle. Apple ya shigo da makullin da ke ɗaure waya da asusun mai ita a 2013, Google ya biyo baya a Android a 2015. Manufar ita ce wayar sata ta zama mara amfani.

A ƙauye makullin yakan kama wanda ba a nufa ba. Dattijon da wani yaro ya buɗe wa imel a shago shekara uku da suka wuce bai san kalmar sirrinsa ba. Matar da mijinta ya rasu ta gaji waya ba ta gaji lambobin buɗe ta ba. Waɗannan mai filashin ne kaɗai gatansu.

Kwamfutar da ke buɗe wa bazawara wayar mijinta ita ce kuma ke wanke wayar da aka ƙwace a Kano ko Kaduna. Ƙwacen waya ya ci rayuka a Kano a 'yan shekarun nan, kuma ba zai ɗore ba in babu mai saye da mai buɗewa. Hana filashin gaba ɗaya zalunci ne ga masu gaskiya, barinsa sakaka kuma taimakon ɓarayi ne. Abin da ya fi dacewa da garuruwa irin Yelwa da Wara, inda kusan kowa ya san kowa, shi ne ƙungiyar masu gyara ta ɗaure mambobinta da ƙa'ida: kwali ko rasit ko shaidar mutumin da aka sani, a rubuta suna da lambar IMEI a littafi kafin a taɓa waya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Littafin ma kariya ce ga mai shagon ranar da 'yan sanda suka biyo sawu.

Irin wannan tufka da warwara na nan a sana'ar masu tura finafinai da karatuttuka a memori. Suna sauƙaƙa wa mutanen da data ta yi wa tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, amma masu shirya finafinan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa guminsu ake rabawa.

Abin da ya ƙi gyaruwa

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A Afirka adadin bai kai kashi ɗaya ba. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su.

Ta fuskar muhalli, tsawaita rayuwar waya riba ce babba, domin kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta wajen ƙera ta yake fita. Duk shekarar da mai gyara ya ƙara mata, ya rage buƙatar haƙo ma'adinai da ƙera wata.

Sai dai komai daren daɗewa waya na mutuwa. 'Yan jari-bola na sayen fanel da jan ƙarfe saboda suna da kuɗi. Kumburarren batir da fasasshen sikirin ba su da mai saye, don haka juji suke tafiya, ko a ƙona su tare da shara. Wayoyin wuta ma ƙona su ake yi a cire jan ƙarfe. A garin da ke bakin ruwa, abin da aka zubar a juji da rani, ruwan damina ne ke yanke inda zai ƙare, kuma gangaren yankin tafki yake kallo, inda ake kamun kifin da ake kaiwa kasuwannin ƙasar nan.

Komawa sola ta ƙara wani nauyin. Manyan batiran inbata masu araha na dalma ne, kuma a zafin Kebbi ba sa daɗewa. Masu fasa su da hannu suna zubar da ruwan batir a ƙasa, su narka dalmar a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira mara illa. Arewa ta riga ta ga aikin wannan guba: a Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka mutu. Can daga dutsen zinare dalmar ta fito, amma jikin yaro ba ya tambayar daga ina ta zo.

Doka a Turai, kyauta a gida

Daga 20 ga Yunin 2025, duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ne a samar da kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, a ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa. Faransa tun 2021 take tilasta a rubuta makin sauƙin gyara a jikin kaya. Wato suna amfani da doka don dawo da abin da talauci ya koya wa Yauri.

Wannan doka ba ta shafi wayoyin da ake kawowa Najeriya ba. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, ya yi nasara ne da sim biyu da batir mai daɗewa da farashi mai sauƙi. Hukumomin da ke ba da izinin shigo da waya za su iya neman a ƙara da wa'adin kayan gyara da na sabunta manhaja, kamar yadda Turai ta nema.

Ta ɓangaren shara, doka tana nan. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, aka sabunta su a 2022, kuma an kafa ƙungiyar EPRON a 2018 domin masu ƙerawa da masu shigo da kaya su ɗauki nauyin kwashe abin da ya mutu. Amma kamfanonin sarrafa sharar sun fi taruwa a Legas, tafiyar yini guda daga Yauri.

A nan ne hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, kuma Kebbi na cikin jihohinta, ke da rawar takawa tare da ƙananan hukumomin uku. Shirye-shiryen koyar da sana'a a Najeriya sun saba ƙarewa da bikin raba kayan aiki da ɗaukar hoto. Masu gyaran da ke bakin tasha sun riga sun iya riƙe abin narka dalma. Abin da ya rage musu shi ne sanin halin batirin litiyam, da amfani da mitar gwaji kafin a yi gada, da abin kashe gobara a shagon caji.

Sai kuma wurin ajiye matattun batira a kowace babbar kasuwa, da ɗan kuɗin da za a biya wanda ya kawo, ko da naira hamsin ce a kan guda. Manyan motoci na tashi daga Yauri da albasa da busasshen kifi zuwa kudu, kuma ta wannan hanyar ce kayan gyaran waya ke hawowa. Hanyar da ta kawo batir sabo za ta iya mayar da shi matacce, a mota ta daban, idan aka samu wanda zai biya kuɗin dakon.