Majalisar Wakilai ta Jihar Teksas: inda agogo ya fi ƙuri'a ƙarfi

Majalisar dokokin jihar Teksas ta Amurka zaure biyu ce: Majalisar Dattawa mai kujeru 31, da Majalisar Wakilai mai kujeru 150, dukkansu a birnin Austin. Haka tsarin yake a duk jihohin Amurka ban da Nebraska, wadda ta koma zaure ɗaya tun 1937. Jihohin Nijeriya zaure ɗaya ne kowacce, amma tsohuwar Jihar Arewa ta yi zaure biyu a Kaduna, na wakilai da na sarakuna, har zuwa juyin mulkin 1966.

Ana zaɓen ɗan Majalisar Wakilai ne na shekara biyu, kuma babu iyaka ga yawan zagayen da zai iya komawa. Sharaɗi shi ne ya kai shekara 21, ya zauna a jihar shekara biyu, a mazaɓarsa shekara ɗaya. Bayan ƙidayar 2020, kowace mazaɓa ta tashi da mutum kimanin 194,000. Albashin kujerar dala 7,200 ne a shekara, wato 600 a wata, sai alawus na kwanakin zama. Ana yabon wannan da cewa yana hana siyasa zama sana'a, amma akwai abin dubawa: wanda zai iya barin aikinsa wata biyar a kan wannan kuɗi, galibi lauya ne ko ɗan kasuwa ko mai abin hannunsa. Malamin makaranta da leburan kamfani suna da ƙuri'a, sai dai kujerar ta yi musu tsada.

Kundin tsarin mulkin jihar na 1876 ya ɗaure majalisar da igiya gajera. Zama na ƙa'ida sau ɗaya ne a shekara biyu, yana farawa Talata ta biyu a watan Janairun shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu, kuma ba ya wuce kwana 140. A ciki za a yi kasafin kuɗin shekara biyu da duk sauran dokoki. Idan an tashi, gwamna ne kaɗai ke da ikon kiran zama na musamman, na kwana 30 ko ƙasa da haka, kuma shi ke faɗin abin da za a tattauna.

Ranar farko 'yan majalisa kan zaɓi kakaki daga cikinsu, kuma daga nan ake gane inda zaman zai dosa. Kakaki ne ke naɗa shugabannin kwamitoci, shi ke tura kowane ƙuduri kwamitin da ya ga dama, shi ke ba da damar magana a zaure. An daɗe ana ba jam'iyyar marasa rinjaye shugabancin wasu kwamitoci, al'adar da ta sa zauren ya fi majalisar tarayyar Amurka zaman lafiya. A Janairun 2025 aka sauya ƙa'ida, aka bar musu mataimakan shugabanni kawai.

Hanyar ƙuduri a takarda mai sauƙi ce. A gabatar da shi, a karanta, a tura kwamiti, a saurari jama'a, a dawo da shi zaure. Dole a karanta shi a ranaku uku daban, sai in kashi huɗu cikin biyar sun yarda a tsallake. Idan ya wuce sai ya tafi wurin dattawa. In an samu saɓani, kowane zaure ya ba da mutum biyar su daidaita. Ƙudurin haraji kuwa daga Majalisar Wakilai kaɗai zai fara.

A aikace, dubban ƙudurori ake gabatarwa kowane zama, kuma mafi yawansu ba a zaure suke mutuwa ba. Shugaban kwamiti na iya ƙin sa ranar sauraro. Wanda ya tsira daga nan zai faɗa hannun kwamitin tsara jadawali, wanda shi ke yanke ranar da ƙuduri zai hau zaure da kuma layin da zai bi. A tsakiyar watan Mayu akwai daren da, in sha biyu ta buga, duk ƙudurin wakilai da bai samu karatu na biyu ba ya mutu. Masu adawa sun san haka, sai su yi ta jan muhawara a kan ƙananan abubuwa har lokaci ya ƙure. Illar wannan a fili take: doka ta mutu ba tare da wani ya kaɗa ƙuri'ar ƙin ta ba, mai zaɓe kuma ya rasa wanda zai tuhuma. Gwamna ma yana cin moriyar agogon. Kashi biyu cikin uku na iya ture ƙin amincewarsa, amma yawancin ƙudurori a ƙarshen zama suke isa teburinsa, kuma yana da kwana 20 bayan an tashi, lokacin da babu majalisar da za ta mayar masa da martani.

Marasa rinjaye suna da makami ɗaya mai kaifi. Zaure ba ya aiki sai da mutum 100, don haka in 51 suka ƙaurace, komai ya tsaya. 'Yan Dimokurat sun yi haka a 2003, suka tsallaka Ardmore a Oklahoma kan rikicin shata mazaɓu. Suka sake a 2021, suka tafi Washington kan dokar zaɓe. Suka kuma a 2025. Duk sau ukun jinkiri suka samu, dokokin sun wuce daga baya.

Ikon tsigewa ma a nan yake farawa: wakilai su tuhuma, dattawa su yi shari'a. A 1917 hakan ya raba Gwamna James Ferguson da kujerarsa. A Mayun 2023 wakilai suka tuhumi Antoni Janar Ken Paxton da ƙuri'a 121 a kan 23, alhali jam'iyyarsa ta Rifablikan ce ke da rinjaye a zauren, amma a Satumba dattawa suka wanke shi ya koma ofis.