Sharar Masana'antu da Ginin Zongon Lome

Duk wanda ya taɓa aza harsashi a Zongon Lome ya san cewa siminti ba shi kaɗai ke cin kuɗi ba. Yashi da tsakuwa su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jikin kankare, kuma samunsu sai ƙara wuya yake yi. Tun da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome a shekarun 1960, teku ke cin gaɓar da ke gabashinta, har hukuma ta hana ɗiban yashin bakin teku a 2011. Mutanen Zongo kuwa, tun da aka tashe su daga tsakiyar birni a 1977 aka mai da su wajen Togblekope, gini suke yi a ƙasa mai dausayi kusa da kogin Zio, inda ambaliya ke gwada ƙarfin kowane bango.

A ganina, wani ɓangare na maganin yana Kpeme, gabas da Lome. A can ake wanke fosfat ɗin da ake haƙowa a Hahotoe, a zubar da laka cikin teku har ruwan ya sauya launi. Irin wannan shara wasu ƙasashe sun mai da ita dukiya. A Ingila an riƙa dunƙule tokar kwal, a gasa ta da wuta mai tsanani, ta zama tsakuwa marar nauyi mai suna Lytag. A Japan kashin ƙarfen da masana'antu ke fitarwa yana shiga kankare da hanyoyi. Me zai hana a gwada gasa lakar Kpeme haka?

Masu shakka suna da hujja. Fosfat ɗin Togo yana ɗauke da kadmiyam, sinadari mai guba, kuma kashin ƙarfen da bai kwana ya huce ba yakan kumbura ya tsaga gini bayan shekaru. Gashi ma yana cin wuta, wuta kuwa kuɗi ce. Don haka gwaji ne farko. Jami'ar Lome da ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa su auna ƙarfin wannan tsakuwa da gubarta, hukuma ta kafa mizani, sannan a ba magina.

Kafin nan, kada maigida ya karɓi tifar sharar masana'anta don araha kawai. Araha ba ta ado, balle ta riƙe dakin da iyali za su kwana ƙarƙashinsa.