Sha Ne Haram, Ba Sani Ba

Malaminmu na darasin tattara kalmomi ya ba mu aikin hutu: kowa ya koma gida, ya zaɓi sana'a ɗaya ta hannu, ya rubuto kalmominta daga bakin masu yin ta. Wasu suka ɗauki su, wasu noman tattasai, wasu jima. Ni na ɗauki kunu da sauran abin sha na hatsi. A garin Diffa na zauna wajen wata tsohuwa mai kunun zaƙi, Bahaushiya ce daga yamma, aure ya kawo ta gabas tun ba a haife ni ba. Muna cikin maganar tsiron dawa sai ta ce mani: "Ɗan nan, ai daga nan hanya ta rabu biyu. In ka tsaya nan, kunu ne. In ka wuce, giya ce. Innata ta iya duka biyun." Ta zayyano mani aikin tun daga jiƙo har tata. Na cika shafi uku.

Da na kawo shafukan zaman ƙungiyarmu, wani ɗan uwa ya ce a cire su. Hujjarsa biyu. Ta farko, wai giya ba al'adarmu ba ce, Nasara ya kawo ta cikin kwalba. Ta biyu, wai rubuta yadda ake yin ta talla ne ga haram. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ni ban yarda ba, kuma wannan takarda ita ce amsata.

Bari in share fili tukuna. Ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, ba na kiran kowa ya sha. Haramcinta ba abin gardama ba ne a wurina, kuma na san gidajen da ta rusa. Abin da nake faɗa da shi shi ne ƙarya, ko da ƙaryar ta sa rawani.

Mu fara da harshe, tunda shi ne sana'ata. Wanda ya ce giya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ya bayyana mani me ya sa bakinmu ya cika da ita. Muna da giya, muna da barasa, muna da burkutu. Wanda ya sha muna cewa ya bugu, ya yi tatul, ya yi mankas, ya yi marisa. In shugaba ya manta da talakawa, liman da kansa zai hau mumbari ya ce giyar mulki ce ke ɗibarsa. In muna son cewa wani ba zai kuskura ba, sai mu ce ko ya sha giyar wake ba zai yi ba. Harshe ba ya ƙera karin magana da abin da ya gani jiya da yamma. Kwalbar Nasara ba ta kai shekara ɗari da hamsin a ƙasar nan ba. Waɗannan maganganu a ƙwarya aka haife su.

Ku dubi marisa ɗin nan. A Sudan, giyar dawa sunanta ke nan, marisa. Kakanninmu kuwa ta Cadi da Sudan suke takawa zuwa hajji, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna can har yau. Ku dubi kuma kalmar da Faransawa ke cewa alkol. Asalinta Larabci ne, alkuhul, kuma daga wannan tushen muka samu kwalli, wanda iyayenmu mata ke sawa a ido. Kalmomi suna tafiya da fatake da mahajjata da masu bincike, ba sa neman izinin kowa. Ɗalibin harshe da ya ce zai rubuta kalmomi masu tsarki kaɗai, to ya bar ilimi ya koma wanki.

Sai tarihi. Hausawa ba su faɗo daga sama da carbi a hannu ba. Maguzawa suna nan a ƙasar Kano da Katsina da Zariya, Azna suna nan a Arewa da Adar da kwarin Maraɗi. Hausa suke yi, Hausawa ne tsantsa. A wurin Maguzawa giyar dawa tana cikin gayya da biki da makoki, mata ke dafa ta. Joseph Greenberg, mutumin da muke karanta rabe-rabensa na harsunan Afirka, cikin Maguzawan Kano ya yi bincikensa, littafin ya fito a 1946. Shi Ba'amurke ya zo ya zauna ya rubuta, mu jikokin gida muna jin kunyar tambaya. Kuma in babu abin da ake sha a ƙasar Hausa, da me malaman jihadin 1804 suke faɗa lokacin da suke zargin sarakuna da ci da shan abin da shari'a ta hana? Duk wanda ya share giya daga tarihi, ya rage wa masu wa'azin da suka yaƙe ta ladan aikinsu.

Yanzu ku leƙa maƙwabta. A Burkina Faso da Mali akwai dolo, sana'ar mata ce, da ita da yawa suke ciyar da gida su biya kuɗin lekwal. A arewacin Benin da Togo akwai cukutu. A arewacin Gana akwai fito. A arewacin Kamaru da kudancin Cadi, nan bayan tafkinmu, akwai bilbil. A Habasha akwai tella, a Afirka ta Kudu akwai umkomboti. Sunaye daban, amma galibi hatsi ne aka sa ya yi tsiro, galibi kuma hannun mace ne. Mu ne kaɗai a tsakiyar wannan taswira za mu ce ba mu taɓa jin ƙamshi ba?

Turawa kuma ba su ɓoye tasu ba, rubuta ta suka yi. A Jamus, a yankin Bavariya, tun 1516 aka kafa doka cewa ba a haɗa giya sai da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci, hublon a Faransanci. A garin Pilsen na ƙasar Cek, a 1842, aka fara yin garau ɗin nan mai launin zinariya, wadda yawancin giyar kwalba ta duniya ke kwaikwayo, har da Bière Niger mai hoton raƙumin dawa. A Dublin, a 1759, Arthur Guinness ya kafa gidan da ya shahara da baƙar giya. Beljiyam kuwa ta kai al'adar giyarta gaban UNESCO, aka sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ban ce mu yi koyi da shansu ba. Koyin da nake so shi ne na riƙe alƙalami. Su sun san shekara da suna da ma'auni. Mu tsohuwa ɗaya in ta rasu, shafi uku sun tafi kabari.

To mene ne a shafukan da ake tsoro? Ana jiƙa dawa, a baza ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiron nan ne ke juya garin hatsi ya koma zaƙi. A dama, a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. In aka zuba masa ragowar tsohon dahuwa aka bar shi ya kwana, sai ya tashi ya yi kumfa, ƙwayoyin yis sun cinye zaƙin sun mai da shi abin maye. Rabin farko na wannan aiki kowace mai kunun zaƙi ta san shi. Tsamin da ke cikin nono da koko da wainar shinkafa duk dangin ilimin nan ne. Iyayenmu mata masana kimiyya ne ba tare da farar riga ba. Kuma sanin inda kunu ke ƙarewa, giya ta fara, shi ne ke tsare Musulmi. Wanda bai san iyaka ba, ta yaya zai tsaya a bakinta?

Ga wani abin da zai ba ku dariya. A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin giya suka rasa mafita, suka juyo kan dawa, dawar da manoman Arewa ke nomawa. Masu digiri suka shiga ɗakin gwaji suna koyon abin da matan Maguzawa suka sani tun kaka da kakanni. Maltina da Malta Guinness da muke rabawa a walima da suna, ba su da maye, gaskiya ne, amma kamfanonin giya ne ke yin su, daga tsiron hatsi. Hanyar nan ce dai da ta rabu biyu, kamar yadda tsohuwa ta faɗa. Muna shan reshe ɗaya da bismilla, muna rantsuwa ba mu san itacen ba.

Sai hujja ta biyu, wai faɗin abu talla ne. Ita ce mai ƙarfi, don haka ba zan yi mata dariya ba. Gaskiya ne akwai rubutun da ke ƙawata ɓarna. Amma ambato daban, ƙawatawa daban. Alƙur'ani ya ambaci giya da sunanta, kuma haramcin ya sauka daki-daki: a Suratul Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida inda aka rufe ƙofa. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu suna da bayani kan jiƙon dabino da zabibi, da lokacin da ya halatta da lokacin da ya haramta. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum yana sukar giya, bai ce kalmar ta fi ƙarfin alƙalaminsa ba. Mu ne muka fi su tsoron Allah?

Kuma don Allah mu daina yaudarar kanmu. Wane saurayi ne a Diffa zai karanta ɗan littafin nan na fotokwafi, ya je ya jiƙa dawa, ya jira kwanaki, ya nemi ice da tukunya don ya bugu? Yo ga tramol a aljihu! Ba ta wari, ba ta da kwalba, ana haɗiye ta da shayi a fada, a tashi a bi sahun salla ba wanda ya sani. Ga sholisho, ga maganin tari. A Kano, a 2013, Hisba ta murƙushe kwalaben giya dubu 240 a bainar jama'a. Shekara biyar bayan nan, a 2018, sai da gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa da matan aure suka afka masa. An fasa kwalba, ƙishin maye bai fashe ba. Ya sauya riga kawai, ya zaɓi wadda ba ta jawo abin kunya.

Mu ƴan kwarin Komadugu mun san daga ina ƙishin nan yake. Tun harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015 aka sa dokar ta-ɓaci. Aka hana babur, ƴan kabu-kabu suka zauna. Aka hana cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci, alhali su ne jarinmu. Mutanen Baroua suka watse, wasu a bakin titin RN1 cikin rumfunan zana da leda. Sai a Yunin 2021 aka fara mai da su gida, a Agustan shekarar kuma aka sake kai hari garin, sojoji 16 suka rasu. Saurayin da ya yi shekaru ba gona, ba kwale-kwale, ba lekwal, yana kwana da abin da idonsa ya gani, shi ne mai sayen tramol. Wannan yaron ba shirunmu zai cece shi ba. Yana bukatar mutanen da za su iya zama su yi maganar maye da sunansa: me ake sha, me ya sa, wa ke sayarwa, ina za a kai wanda ya kamu. Al'ummar da ba ta iya furta giya a takarda ba, yaya za ta furta tramol a gaban uban yaro?

Akwai abu na ƙarshe, kuma zan faɗe shi a hankali. Mun ga da idonmu inda tunanin "a share duk abin da bai yi kama da mu ba" yake kai mutane. Ban ce ɗan uwana da ya nemi a cire shafukan irinsu ba ne, Allah ya kiyaye, mutumin kirki ne kuma tsoron Allah ne ya sa shi magana. Amma ɗabi'ar goge tarihi don ya yi kyau, ƙarama take farawa. Yau shafi uku ne. Gobe kalmar arne ta zama zagi kawai, a manta cewa sunan mutane ne masu gona da iyali, waɗanda da yawa daga Hausawa jininsu ne. Jibi a ce maƙwabciyarmu Kirista daga Cadi ba ta da labarin da ya cancanci a rubuta.

Don haka ga abin da nake nema daga ƙungiya. A bar shafukan yadda suke. Wanda yake ganin haɗari, ya rubuta nasa martani a fitowa ta gaba, a buga su gefe da gefe, masu karatu su yi hukunci. Sannan hutu mai zuwa kowa ya nemi tsohuwa ɗaya a unguwarsu, da Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Tubanci, ya tambaye ta sunan kowane mataki na kunu da fura da nono da duk abin da ake bari ya kwana. Ya rubuta abin da ta faɗa, ba abin da yake so ta faɗa ba. Wani kuma ya zauna a fada ya tattaro sunayen da samari ke kiran ƙwayoyi da su, don iyaye su gane in sun ji.

Tsohuwar nan da na zauna wajenta ta yi hajji, ba ta wasa da salla. Da zan tafi ta ce mani in rubuta daidai, kada in ƙara kada in rage, don innarta ba ta da wani abin da ta bari sai wannan sanin. Na yi mata alkawari, kuma ba zan saɓa ba.