Maganin Zazzaɓi da Ciwon Daji: Hattara da Gaggawa

Malaman ilmin ɗibbu sun daɗe da sanin cewa Allah Ya ajiye wa kowace ƙwayar halittar jikin ɗan Adam hanyar ajalinta, ta yadda idan ta tsufa ko ta ɓaci sai ta naɗe kanta ta mutu cikin natsuwa. Kuma galibin magungunan ciwon daji wannan ƙofa suke ƙwanƙwasawa, alhali kuwa ƙwayar dajin, saboda taurin kanta, sau da yawa takan toshe ta. Don haka ne, da Brent Stockwell da almajiransa na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka bayyana wata hanyar dabam a 2012, wadda suka raɗa wa suna ferroptosis, masana suka yi na'am da ita: ƙananan sinadarai irin su erastin da RSL3 sukan raba ƙwayar da garkuwarta, sai ƙarfen da ke cikinta ya cinye maiƙon fatarta, kamar yadda tsatsa ke cin garma, har ta halaka.

To, ina ruwan mutumin Magaria da na Dungas? Da ruwansu, domin artesunate, allurar nan da ake amfani da ita wajen ceton yaran da zazzaɓin cizon sauro ya galabaitar a asibitin Magaria, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke hidima tun 2005, an ga ya kashe ƙwayoyin daji ta wannan hanya a ɗakin gwaji, kuma asalinsa daga tazargade ne.

Nan fa tsorona yake. Abin da ya tabbata cikin kwalbar gwaji bai zama hujja a jikin majinyaci ba, amma labari irin wannan, da zarar ya shiga bakin mai tallar magani ranar kasuwa, sai ya koma fatawa. Matar da ta ji kumburi a mama za ta yi watanni tana shan jiƙon tazargade har cutar ta ci ƙarfinta; shan ganyen barkatai kuma yana iya koya wa ƙwayar zazzaɓi jure wa maganin, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da shi.

Haƙƙin da ya wajaba mu nema wurin mahukunta shi ne a kusanto da awon gano cutar da wuri zuwa Damagaram da ƙauyukanta, tunda na'urar gashin daji da aka buɗe a 2021 tana can Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram.