Hermione: Wa Ya Fara Zubar da Jinin?

Duk wanda ya karanta littattafan Turawan Ingila kan sojojin ruwansu na ƙarni na 18, ko ya kalli finafinansu, zai fito da zaton cewa da'a da jarumta ne suka mallaka musu teku. Idan aka zo kan jirgin yaƙin nan Hermione, sai a ce wasu maciya amana ne suka kashe shugabanninsu, wani gwarzo kuma ya ƙwato shi. Ni dai ban sayi wannan labari ba.

An ƙera Hermione a Bristol a 1782, da igwa 32. Da yaƙi ya ɓarke da Faransa, aka tura shi tekun Karebiyan, yana cikin jiragen da suka kai farmaki Port-au-Prince a 1794. Me ya kai su can? Gonakin rake, da burin ci gaba da bautar da 'yan Afirkan da suka tashi neman 'yancinsu. Wannan ɓangare ba a cika son tuna shi ba.

A 1797 aka damƙa jirgin ga Kyaftin Hugh Pigot. Manyansa sun san halinsa sarai: a jirgin da ya riƙe kafin nan, ya sa an yi bulala sama da sau 80, har mutum biyu suka mutu. Shugabansa Hyde Parker bai cire shi ba, jirgi ya sauya masa. A watan Satumba, ma'aikata na can ƙololuwar jirgi suna naɗe ƙyallen da iska ke turawa, sai Pigot ya daka tsawa cewa wanda ya sauko a ƙarshe zai sha bulala. Garin rige-rigen sauka mutum uku suka suɓuto, suka faɗo kan daɓen jirgin, suka mutu nan take. Ya ce a jefa gawarwakin cikin ruwa. Waɗanda suka yi gunaguni, washegari aka zane su.

A daren 21 ga Satumba tura ta kai bango. Ma'aikatan jirgin suka sassari Pigot, suka jefa shi teku, suka kashe wasu jami'ai tara, sannan suka miƙa jirgin ga Sifaniyawa a La Guaira. Ba na wanke su, don a cikin waɗanda aka kashe har da wani yaro. Amma mai ba da labarin da ya fara daga wannan dare, ya tsallake gawa uku da aka wurgar, ba tarihi yake faɗa ba, kare gidansu yake yi.

To, gwarzon fa? A Oktoban 1799 Kyaftin Edward Hamilton na jirgin Surprise ya shiga tashar Puerto Cabello cikin dare da ƙananan kwale-kwale, ya ƙwato Hermione daga hannun Sifaniyawa. Bajinta ce, babu musu, har sarki ya ba shi lambar girma. Amma a 1802 kotun soja ta kore shi saboda azabtar da mai kula da igwoyinsa, wanda ya sa aka ɗaure a igiyoyin jirgi. Ba a jima ba aka mayar da shi bakin aiki.

Su kuwa masu boren, an yi shekaru ana farautarsu har Amurka. An kama 33, aka rataye 24. Hyde Parker da ya ɗaure wa Pigot gindi, ko tambayarsa kan wannan ba a yi ba.