Zinariyar Jado da Ɗan Isa: hukuma ta riga gawa isa bakin rami

Tun da labarin zinariya ya ɓulla a Jado, can arewacin Agadas, a shekarar 2014, samari daga karkarar Damagaram suke bin hanyar hamada. Wanda ya san Matamaye ba zai yi mamaki ba. Gundumar Kance na cikin yankunan Nijar da suka fi cunkoson jama'a, rabon gado ya tsinka gonaki har ba sa ciyar da gida shekara. Daga nan ne yawancin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya cikin Oktoban 2013 suka fito, akasarinsu mata da yara.

Zinariya ta ba wasu jari, wasu sun gina gida, sun yi aure. Amma inda dukiya ta taru babu hukuma, bindiga ce ke yanke hukunci. 'Yan fashi sun riƙa tare motocin masu haƙa a hanya, ƙwaya ta zama abin ƙara ƙarfi a cikin rami, ruwan sha ya yi tsada. A gida kuwa, an bar mata da yara da bashi, suna jiran kuɗin da ba lallai ya zo ba.

Abin da gwamnati ta yi a 2017 shi ne rufe Jado. Masu haƙa suka watse zuwa wasu mahaƙai, wasu suka dawo hannu banza. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu, aka sake rufewa. A maƙwabciya Zamfara an gwada haramcin haƙa a 2019, 'yan bindiga ba su bar dajin ba.

Rufewa bayan an binne mutane ba tsari ba ne. Ya kamata a yi wa mahaƙai da iyayen gidan da ke ɗaukar lebura rajista tun ranar farko, a kai jami'an tsaro da na lafiya, a hana sa yara cikin rami.

Akwai kuma tambayar da ta shafi Damagaram kai tsaye. Matatar Soraz na aiki tun 2011. Hukumomin jiha da na garuruwa su fito su faɗa wa jama'a nawa arzikin mai ya kawo, kuma nawa aka kashe kan rijiyoyin noman rani a Kance.