Oats Ma Kunu Ne, A Dama Shi Yadda Muka Iya

Watan jiya likita ya ce kitse ya yi yawa a jinin mahaifiyata, ya ba ta shawarar ta riƙa karyawa da oats. Na sayo gwangwani guda, aka dama mata da ruwan zafi zalla. Cokali biyu ta kai baki, ta ture kofin. "Ɗan nan," in ji ta, "wannan ai dusa ce aka jiƙa."

Laifin damu ne, hatsin lafiyarsa ƙalau. Oats cimar talakawan ƙasashen sanyi ce, a Sikotlan da ruwa da gishiri kawai ake dafa shi tun kaka da kakanni. Mu kuwa da muka tashi da kunun gyaɗa da na tsamiya da na kanwa, me zai sa mu sha lami?

Ƙanwata ce ta karɓi girkin. Ta fara gasa oats ɗin a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi. Ta tace markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta tafasa ruwan da citta da kanumfari, ta zuba oats ɗin da ɗan gishiri, tana juyawa har ya yi kauri. Da ta sauke sai ta tsinka da ruwan tsamiya, ta murje dabino uku a madadin sukari. Mahaifiyar tamu ta shanye tas, har da neman ƙari.

Sai dai a faɗi gaskiya, a nan oats ba shi da araha. Daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a 2023 kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Abin da oats yake ga mutumin Sikotlan, shi ne gero a wurinmu. Nijeriya da Nijar suna cikin manyan masu noman gero a duniya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Don haka wanda likita ya ce ya sha oats, ya sha, amma a dama masa da daɗi don ya ɗore. Sauran mutanen gida kuwa, a auno gero, kada a surfe shi fes, a niƙa da dusarsa, a sa masa wannan gyaɗar da wannan cittar. Mudu ɗaya zai kai yara makaranta da cikinsu cike kwana da kwanaki.